Keken Kalla

Keken Kalla na nan jingine a rumfata,
bayan Kasuwar Dole, inda nake facin taya.
Gabansa ya lanƙwashe kamar ƙahon rago,
ƙararrawar kuwa lafiyarta lau.
Yara na wucewa su danna ta, su gudu.

Kalla ƙanƙara yake sayarwa.
Da safe ya ɗaure ta cikin buhu da ƙaiƙayi,
ya kewaya Zango, ya kewaya Birni,
kafin ta koma ruwa, kuɗi sun shiga aljihu.
Da dare kuɗin su koma ruwa,
wani ruwa dabam, a wani gida can Sabon Gari
wanda ba a faɗin sunansa gaban surukai.

Na sha ce masa, Kalla, bar shi nan, ka taka.
Ya ce, Mato, doka ta masu inji ce.
Keke ba ya shan mai, ba shi da lamba,
ba ni da parmi balle a karɓe.
Dokin ƙarfe ne, ya san hanyar gida.
Na ce, jaki ne ke sanin hanyar gida,
keke bai san komai ba sai abin da kanka ya sani.

Wani dare Ajidan Barmu ya tare shi a shataletale,
ya haska masa tocila, ya ja da baya don wari.
Kalla ya ce, a wace takarda aka rubuta keke?
Ajidan bai buɗe takarda ba.
Ya durƙusa, ya kwance bawul gaba da baya,
iska ta fita tana tsaki,
ya ce, to tura shi, yau kai ne injin.
Washegari ni na ba shi iska, dala biyar,
muka yi ta dariya har shayi ya huce.
Dariyar nan ce ke tsaye mini a wuya.

Daren Laraba, a gangaren duwatsun Birni,
Zuwera 'yar Tsahara na dawowa daga famfo.
Tun la'asar take layi, jarka ɗaya ta samu,
kun dai san ruwa a garin nan.
Babu fitila a keken, babu birki a kan mai shi.
Ba a ji wata ƙara irin ta mota ba,
sai ɗan tim, sai kukan yarinya,
sai ruwa na bin yashi, ƙasa na shanyewa
kamar dama shi take jira.

Hannu ya karye wuri biyu.
Shekararta tara. Da shi take rubutu a lekol.

A komisariya, in ji masu faɗa, an yi ta gardama:
wannan ya ce abin hawa abin hawa ne,
wancan ya ce a ɗauko babban littafi a duba.
Ni ban yi boko ba, ban san me littafin ya ce ba.
Na san waya talatin da shida ke riƙe da ƙafar keke,
in ɗaya ta saki, sauran su ɗauki karkata.
Na kuma san ƙashin yarinya ba ya tambaya
ko da inji aka zo, ko da feda.

Kalla ya fito bayan kwana uku.
Bai leƙo rumfata ba.
Da asuba ake ganinsa, jarka biyu a kafaɗa,
yana hawan Birni a ƙasa,
ya ajiye a ƙofar gidan Tsahara, ya juya.
Ba ya sallama, ba a ce masa sannu.
Ko ya daina sha? Ban tambaya ba.

Gyaran bai wuce aikin rabin wuni ba.
Kullum in ɗauki guduma, in ajiye.
Jiya Zuwera ta biyo, hannu ɗaure da karan ɗori,
ta tsaya ta dubi keken, ta dube ni,
ta danna ƙararrawar da hagu.
Ita ba ta gudu ba.